Ledar da Inna Ta Hana a Binne

Dutse Uku, Jos.

Zuwa ga Yayana Sharafaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, ga sanyin da ka sani. Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Maganar tarin Inna ce. Ka ce in bai lafa ba kafin ƙarshen wata za ka zo ka tafi da ita wurinka, tunda sanyin Jos ya fi ƙarfinta. Tun da ta ji haka ba ta ƙara cin abincin kirki ba. To, Yaya, mun gano ba sanyin gari ba ne, ɗakin da ka gina mata bara ne. Tun farkon damina ƙasan bango ya fara baƙi, takalmanta suka yi fumfuna, in ka ɗaga ledar tsakar ɗaki sai ka tarar da daɓen sharkaf kamar an yi wanki. Mun sa an duba kwano, babu inda yake yoyo.

Baba Badung, abokin marigayi Baba wanda ya yi ritaya daga aikin gine-gine, ya zo duba ta. Yana shiga ya ja hanci, ya ce a ba shi 'yar farar leda da salatif. Ya manne ta a kan daɓe ta kowane gefe, ya ce kada kowa ya taɓa. Bayan kwana biyu muka ga ƙasanta duk ɗigon ruwa. Ya yi mana bayani cewa ƙasa tana fitar da danshi kullum, siminti kuma ba ya tare shi, shanye shi yake yi ya hau da shi cikin ɗaki. Shi ya sa ake shimfiɗa baƙar leda mai kauri kafin a zuba kankare. Sai ya tambaya ko an sa. Na ce tabbas, ai bandir guda ka aiko. Inna ta kau da kai tana gyara ɗankwali, nan take jikina ya ba ni.

Da na tsare Datti birkila, wanda ya yi aikin ɗakin, sai ya faɗa mini gaskiya. Ranar da za a zuba daɓen ina wurin aiki, Inna ta fito ta ga yana warware ledar, ta shafa ta, ta ce wannan sabon abu mai kyau da ɗanta ya aiko ba za a binne shi a ƙasa tana kallo ba. Ya so ya yi mata bayani, ta tuna masa ita ta yi wa uwarsa wankan jego lokacin da aka haife shi. Ya ce daga nan sai ya bar mata ledar, ya zuba kankarensa a kan burji. Na ji haushi ƙwarai, amma ka san Inna, ko kai ne a wurin da ka ba ta. Ledar tana bayan akwatinta shekara guda, a naɗe cikin tsohon zane, ko ƙura babu.

Mun mayar da Inna ɗakina, shekaranjiya aka farfasa tsohon daɓen. Baba Badung ya tsaya a kan su Datti, aka baza yashi mai laushi don kada dutse ya huda ledar, aka ɗora bakin kowace shimfiɗa kan 'yar'uwarta aka manne, aka tayar da gefenta jikin bango, sannan aka zuba sabon kankare. Ya ce a bar ɗakin ya sha iska sosai kafin ta koma, kuma kada ta daina zuwa asibiti. Kwana tara ke nan tana ɗakina, tarin ya ragu har tana yi mini faɗa da cikakkiyar murya.

Abin da ya sa ni hawaye shi ne, ba wanda ya tambaye ta ledar. Da kanta ta jawo ta ta miƙa wa Datti, ta cire takalmi ta shiga tana lallaɓa inda ya tattare. Ta ce in rubuta maka ta yi laifi, ka yafe mata. A garin nan aka haife ta, a nan mijinta yake kwance, saboda haka ta ce gara a binne leda a Jos da a je a binne ta a Fatakwal. Ina roƙonka, Yaya, ka bar mata damina ɗaya a busasshen ɗaki kafin ka yanke hukunci.

Ka gaishe da Anti Rumasa'u da Isa ƙarami, da maƙwabciyarku Madam Nneamaka da ta aiko da busasshen kifi. Goggo Balaraba da Baba Badung suna gaishe ka. Inna tana sa maka albarka, ta kuma ce ragowar ledar da aka yanke dai tata ce, kada ka tambaya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Fiddausi