Ina Ni Ina Taɓa Ɗan Mutane

Litinin, 3 ga Maris

Yayar mijina ta hauro sama da safe, ɗanta a kafaɗa, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta zaune mini littafi. A ƙasanmu take, duk motsinmu a kunnenta. Wai hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, ran sha bakwai za ta koma koyarwa, tana so in riƙa riƙe mata Lukuti daga safe zuwa azahar.

"Amarya, ke ba inda kike zuwa, shi ma ba inda yake zuwa. Sai ku haɗu ku yi ta zaman kashe zani."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Matar da ta raka ni asibiti bara, ta ga yadda aka rirriƙe ni ina rera waƙa ba ɗankwali, ita ce yau take miƙo mini jariri. Ko ta manta, ko gwada ni suke yi. Na ce zan yi tunani. Hannuna yana ƙarƙashin mayafi, kada ta ga rawar da maganin yake sa shi.

Laraba, 5 ga Maris

Na gama littafin da na karɓo haya. Kamar kullum, muguwar da ta raba masoyan ta haukace a shafin ƙarshe, tana tsintar leda a bola, kowa yana cewa alhaki ne. Da, wurin nan na fi so, har in buga cinya in ce maganinki ke nan. Ban taɓa ganin littafin da tauraruwarsa take haɗiyar ƙwaya safe da yamma ba. Ita zazzaɓi take yi, mai tsafta, a kawo mata furanni.

To ni alhakin wa na ɗauka? Na zauna na bincika, har 'yar ajinmu da na ɓoye wa takalmi sai da na tuno.

Alhamis, 6 ga Maris

Taɓin hankali. Wadda aka taɓa, ina ita ina taɓa ɗan mutane?

Lahadi, 9 ga Maris

Mun yi da maigidan. Ya tambaya ko na ba Yaya amsa, na ce su nemi mai hankali, mahaukaciya ba ta raino. Ya ajiye cokali.

"A gidan nan kaf, ke kaɗai ce kike faɗin kalmar nan."

Na ce su a ciki suke faɗa. Ya ce, "Kin shiga cikin namu ne kin gani? Gimbiya, ci abincinki."

Ni na roƙe shi ya riƙa kirana Gimbiya farkon aurenmu. Yanzu ji nake kamar zagi. A littafi namiji zai durƙusa ya kama hannunta ya faɗi maganar da za a ja wa layi. Nawa yana warin man inji daga gyaran firij ɗin mutane, abin da ya iya shi ne ci abinci. Haƙurin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai. Da lafiyata ƙalau, ai da ya daka mini tsawa.

Talata, 11 ga Maris

Ban sauka ba tun ran Laraba. Matar mai shago ta ce mini "ya jiki" ran nan, da wannan ɗan karya wuyan nata. Mama ta kira, na bar wayar ta gaji. Kitsona ya tsufa, ban damu ba. Wa zan yi wa?

Lukuti yana gwaranci a ƙasa, ana ji ta taga. Na rufe tagar.

Asabar, 15 ga Maris

Na sauka zubar da shara, na yi karo da Yaya a matattakala, ga jaka, ga buhun shinkafa, ga yaro. Makullinta ya faɗa ƙasa. Ba ta ko dube ni ba, ta manna mini shi a ƙirji. "Riƙe mini."

Ya fi yadda nake zato nauyi. Kansa yana ƙamshin madara da hoda. Ya damƙi ɗankunnena. Na jingina da bango ina kallon matakalan nan har ƙasa, ban ko yi numfashi ba sai da ta dawo da makullin.

Sai na sauke mata kwandon masifa. Na ce ta rasa 'yar aikin banza ce shi ya sa ta tuna da ni? Na ce in gwaji ne, ta je ta gaya wa ƙanenta sakamakon. Na ce wace irin uwa ce za ta miƙa ɗanta ga irina a kan bene.

Ta karɓe shi, ta saɓa. Idonta ya yi ja.

"Ke, Amarya, ki iya bakinki. Yanka ni aka yi aka ciro yaron nan. Kina ganin da shi zan yi gwaji? Ciwonki na sani, na kwana a kansa. Rashin kunyar nan ce sabuwa."

Ta shige ta rufe ƙofa. Rashin kunya. Rabon da wani ya zage ni kamar mutum har na manta.

Litinin, 17 ga Maris

Ta kai shi gidan raino na bakin titi. Madalla. Kowa ya huta.

Alhamis, 20 ga Maris

Ranar asibiti. Na zauna can ƙarshen benci, na ja mayafi har hanci, kada a haɗa ni da sauran. Wata a gefena tana ta surutun tsadar takalman yara kamar a kasuwa take. Na tsane ta.

Da na shiga, na ce wa likitar wata ƙawata ce, mai irin ciwona, aka ce ta riƙe jariri. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta tambaya ko ƙawar tana shan magani, tana samun barci, ko akwai wanda za ta kira in ta ji ba daidai ba. Na ce e.

"To ki gaya wa ƙawarki ban ga abin da zai hana ba. Ta fara da kaɗan. Kuma ki ce mata ta daga zuwa yanzu ta amsa wayar mahaifiyarta."

Wato maigidan ya kai ƙarata. Munafuki.

Juma'a, 21 ga Maris

Yaron ya dawo muryarsa a dishe. Kuka yake yi, amma sai ka ce ƙyauren da ya rasa mai. Har nan nake ji. Yara nawa suka tara a ɗakin nan, mata biyu kacal, ɗaya kullum tana kan waya, na gan ta da idona a hanyar asibiti. Su ne masu hankalin.

Na buɗe sabon littafi, na yi ta maimaita layi ɗaya.

Lahadi, 23 ga Maris

Na sauka ne kawai in gaya wa Yaya gaskiya a kan matan gidan rainon nan. Ban je ba da haƙuri ba. Ta ce in zauna, na ƙi. Ta ce to in tsaya, ƙafata ce.

Gobe kawai. Zuwa sha ɗaya, ba azahar ba. Gobe zan riƙe shi a ɗakinta, ba hawa bene da shi, wayarta a kunne, maigidan kuma yana shago kusa. Ni na gindaya sharuɗɗan, ta ce, "Ranki ya daɗe." Ban yi dariya ba. Ba don ita ba ne, muryar yaron ce ta hana ni karatu.

Na yanke farce. Dama sun yi tsawo.