Baba Ya Zana Mama Tana Gyangyaɗi

Anti, ki taimake ni, kaina ya kulle. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mai zane ne. Ya bar mana manyan zane-zanen fenti goma sha ɗaya, sun cika ɗakin baya. Muka kira wata mai shagon sayar da zane-zane. Ta dube su sama-sama har da hamma. Za ta fita sai ta hango tsohon littafin da muke tokare taga da shi, zanen fensir zalla. Nan ta zauna dirshan a ƙasa, awa guda tana buɗawa. Abin da ta taya ya ninka kuɗin fentin gaba ɗaya.

To, kowane shafi Mama ce. Ga ta tana gyangyaɗi baki buɗe, ga ta tana faɗa da ludayi a hannu, ga ta tana neman tabarau alhali yana goshinta. Shekara talatin yana zana ta a ɓoye! Mama ta rantse ba za a rataye haƙoranta a falon wani attajiri ba. Ta ƙwace littafin wai za ta ƙona, yau mako uku ashana ta gagara samuwa. Jiya na leƙa na gan ta tana buɗawa, tana dariya tana share hawaye. Yayana ya ce mu ɗauke in ta fita unguwa. Gaskiya rufin ɗakinta na yoyo. Yaya zan yi?

'Yar Mai Zane

'Yata, mai shagon nan ta san sana'arta. A da, irin wannan zane gwaji ne kawai kafin a shafa fenti, da yawa a shara suka ƙare. Yau masu saye rububinsa suke, domin a nan ake ganin hannun mai zane kafin ya yi wa aikin kwalliya.

Amma ki ja kunnen yayanki. Wadda aka zana tana raye, kuma abin da mijinta ya bar mata ke nan. Ku sayar da fentin ko da araha, ku gyara rufi. Littafin kuwa ku ba ta lokaci. In ta huce, ku tambaye ta ko akwai shafi biyu da ta yarda duniya ta gani, ta zaɓa da kanta. In ta ƙi, ku haƙura. Fensir ba ya ruɓewa, kasuwa kuma ba gudu take ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana.