Rigar da Inna ta juya

Gummi, daren Alhamis

Gero yana ƙonewa a gona, gobe za a fita roƙon ruwa. Kawu ya san na bar salla tun dawowata daga karatu. Da la'asar ya tare ni a zaure: "Kai ɗan boko, hwaɗa mani, wa ka kawo ruwa in ba Allah ba?"

Bayanin tururi da gajimare yana bakina, sai na tuna shanunsa da fari ya kashe. Na ce, "Kawu, ni ma ruwan nake so."

Na shigo ɗaki na tarar Inna ta juya mini rigata baibai, yadda masu fita roƙo ke sawa. Gardamar Kawu ina da amsarta. Ta wannan riga ce ba ni da ita.