Sun Ce Ni Na Yanke Jelar Ango da Almakashi

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a gidanmu. Ki yi haƙuri da rubutuna, allo na yi, boko kuwa a waya na koya, amma zancena a miƙe yake.

Ni tela ne, kuma ni ne auta. Ba zan ɓoye miki ba, ina da tsokana, kuma ina jin daɗin abina. Ni na ɗinke aljihun wandon mijin Yayata duka biyun, ya je gaban mai shago yana ta laluben kansa. Ni na naɗe ƙyallen yadi kamar maciji na sa a jakar Yaya, ta yi ihun da ya fito da maƙwabta da sanduna. Amma duk abin da na yi, da bakina nake cewa ni ne, don rabin daɗin ke nan.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi, kifayena. A falonmu akwai akwatin gilashi a kan tsohon teburin keken ɗinkina, a ciki nake kiwon kifin nan da masu sayarwa ke kira taiga bab. Ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsana ba, jikinsu ruwan zinare da baƙin zane a tsaye, bakinsu ja. Ni 'yan damisa nake ce musu. Ba sa zama wuri guda, kullum tsere da kokawa, shi ya sa jininmu ya haɗu.

To Babanmu ya yi rashin lafiya, ya daina fita, sai zaman falo. Yaya, wadda ta yi aure amma har yau daga ɗakinta take mulkin gidanmu, ta sayo masa wani kifi shuɗi mai doguwar jela, yana tafiya yana jan ta kamar sabon yadi. Ba ta tambaye ni ba, ina shago ta juye shi cikin akwatina. Na dawo da niyyar rigima, sai na tarar da Baba ya jawo kujera yana murmushi, har ya sa masa suna Ango. Na haɗiye maganata. Sai dai bakin nan nawa da ba ya hutawa, na ce, "Baba, rigar angon nan ta yi masa yawa, a kawo shi shago in rage masa." Baba ya yi dariya har da tari.

Ba a jima ba jelar Ango ta fara yagewa, kamar bakin zanen da ɓera ya ci. Na zauna daga nesa na sa ido. Wallahi da idona na gani, 'yan damisa ne ke zagayowa ta bayansa su tsinki jelar su gudu. Na faɗa. Yaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Kifi mai almakashi ko? Auta, ka ji tsoron Allah. Ba kai ka ce za ka rage masa riga ba?" Mijinta, mai aljihu, ranar ya samu yadda yake so. Ya zaro almakashina daga jaka ya shinshina, wai yana jin ƙarni. Anti, almakashin da ko takarda ba na yarda a yanka da shi!

Na ce to su zo su gani. Amma munafukan kifayen nan, da zarar mutum ya matso sai su rabu da Ango su taru a gaban gilashi suna roƙon abinci, kamar yaran da malam ya shigo musu aji. Baba kuma ba ya zuwa wurin sai da abinci a hannu, ga idonsa ba ya ganin ƙaramin abu. Na kai wa abokina mai gyaran waya fiye da rabinsu, na bar uku, ina ganin in baki ya ragu cizo zai ragu. Ashe wuta na ƙara wa abin, jelar ta ƙara yagewa. Yaya ta ce na sake yanka ne don in ƙular da ita.

Duk wannan da sauƙi. Baba bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi, "Auta, mutane ka saba tsokana, su suna da bakin ramawa. Wannan fa?" Tun daga ranar, in na gaishe shi gilashin yake kallo ya amsa. Maɓallin rigarsa ya cire, ina zaune a gidan ya aika wa wani tela. Ni da malaminmu ya sha yi mana bayanin hukuncin mai azabtar da dabba, ni ubana ke yi wa wannan kallon?

Yanzu Ango ya ɓuya bayan injin tace ruwa, jelar ta kusa kaiwa ga nama, abinci ma da ƙyar. Yaya ta ce in ya mutu za ta juye 'yan damisata a kwata, in ɗanɗani abin da Baba ya ji. Abokina ya ce in cire shi daga akwatin. Na ƙi. In na cire shi ya warke, cewa za su yi na ji tsoro na daina yanka, shi ke nan ta zauna a kaina har in tsufa. Ba zan taɓa shi ba sai sun gani da idonsu.

Sannan leshin Yaya na hannuna, ta ba ni ɗinki tun kafin rigimar. Tunda dai ni mai yanka ne, zuciyata na raya min in nuna mata yadda yankan almakashi yake. Ki ba ni shawara, Anti, ni kam na cika na batse.

Daga Auta, tela mai 'yan damisa

*

Wa alaikumus salam, Auta. Na yarda da kai. Wanda ya san taiga bab ya san wannan halin nasu ne, ba a haɗa su da kifi mai doguwar jela da tafiyar hankali. Kuma an zalunce ka, babu daɗi mahaifi ya yi maka zaton abin da ba ka yi ba. Yayarka ta yi kuskure sau biyu: ta juye kifi a akwatin da ba nata ba, ta kuma yanke hukunci a kan maganar wasa.

Amma ka duba nasu ɓangaren. Mutumin da ya ɗinke aljihu, ya yi maciji da yadi, ya kuma ce zai rage wa kifi riga, in jela ta yage wa za a fara kallo?

Ga abin da ya fi damuna. Ba kai ka yanki jelar ba, amma yau kai kaɗai ne a gidan ka san abin da ke cin Ango, ka kuma bar shi a ciki don ya zame maka shaida. Tambayar da Baba ya yi maka, a da ba ta hau kanka ba. In ka ƙara kwana a haka, ta hau.

Yau ɗin nan ka cire shi. Ka samo masa wani ɗan akwati ko babbar roba mai tsabta wadda sabulu bai taɓa ba, ka ɗebi ruwan tsohon akwatin ka zuba masa don kada sauyin ya gigita shi. Ka rufe da murfi mai shigar iska, irinsa na tsalle. Ka riƙa canja wani ɓangare na ruwan a kai a kai da ruwan da aka cire wa sinadarin famfo, abinci kaɗan. In ka ga fari-fari kamar auduga ko bakin jelar na baƙi, ka garzaya wurin masu sayar da kifin ado a ba ka magani.

'Yan damisarka kuma ka je ka karɓo su daga wurin abokinka. Kifin taro ne, kada su gaza shida, in sun fi haka ma ya fi. In suna da yawa junansu suke kora, in sun ragu sai su huce a kan baƙo.

Batun shaida, kafin ka ɗauko ragar kamun, ka jingina wayarka a gaban gilashin tana ɗaukar bidiyo, ka matsa gefe na ɗan lokaci, iya tsawon haɗa masa sabon wuri. In ta ɗauka, ka nuna wa Baba shi kaɗai, ban da gayya. In ba ta ɗauka ba, kada ka jira, ka cire shi. Leshin Yaya kuwa, ka ɗinka shi ɗinkin da ba ka taɓa yi ba. Ka taɓa shi da mugunta, ka gaskata su da hannunka.

Sabon wurin Ango ka ajiye shi kusa da kujerar Baba, kuma kai za ka riƙa canja ruwan a gabansa. Wataƙila Yaya ta ce tsoro ka ji. Bar ta ta ce. Jelar irin wannan kifin tana sake tsirowa in an kula, kuma Baba zai ga hannun da ya kula da ita. Ka tafi da allura da zare a aljihu, rigar Baba ba za ta rasa wani maɓallin da ke lilo ba.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya mayar wa Ango rigarsa.