Wanda Ya Rubuta Takardar

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Da hutun rana na karanta wa Samson babi na tara na littafin yaƙin da nake rubutawa. Shekara shida muna kan inji ɗaya a kamfanin jimar fata a Challawa, shi kaɗai ke saurarena har ƙarshe. Da na zo inda sadaukin ya tare bakin kogon aljanu shi kaɗai don abokansa su tsere, sai ya tuntsire da dariya. Wai, "Labaran, kai da ɓera ke firgita ka!" Na ji haushi.

Laraba, 8 ga Mayu
Inji ya cinye hannun abokin aikinmu Ya'u har gwiwa. Wata uku murfin injin yana karye, kowa ya sani. Aka wanke jinin da tiyo, aka ce a koma aiki. Na rubuta takarda ba suna: gobe kada wanda ya taɓa inji. Samson ya liƙa ta a get.

Alhamis, 9 ga Mayu
Da safe muna tsaye a get, foman ya kawo 'yan daba cike da a-kori-kura biyu. Gora, adduna. Na ɓuya bayan tankin ruwa.
Samson suka kama, an ga lokacin da ya liƙa. Suka kayar da shi, ɗaya ya take masa wuyan hannu, ɗaya yana dukan yatsun da ƙarfe.
"Wa ya rubuta?"
"Ni ne."
"Ƙarya kake, mutumin Kafanchan bai iya wannan Hausar ba."
"Ni ne."
Yatsa uku suka karya. Ina jin ƙarar kowanne. Ya hango ni, wallahi ya hango ni, sai ya juya fuskarsa ɗaya gefen.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na wuni a ɗaki, ko ƙofar gida ban leƙa ba.

Lahadi, 12 ga Mayu
Na je asibiti. Haƙarƙari biyu sun karye, kuma fitsarin jini yake yi. An kore shi daga aiki, wai har ƙara za su shigar. Matarsa Alheri ta bi ni waje: "Malam Labaran, don Allah wa yake rufa wa asiri? 'Ya'ya huɗu gare mu." Na ce ban sani ba.
Shi kuwa, da bakin nan a kumbure, tambayata yake ko na gama babi na goma. A duk littafin nan ban taɓa rubuta yadda jarumi ke kwanciya har a kasa juya shi ba.

Talata, 14 ga Mayu
Lauyar ƙungiyar ma'aikata tana neman shaidu, ba wanda ya je. Sau biyu na wuce ƙofar ofishin. Na uku na shiga, rana ce ta yi zafi kawai. Ta ce in rubuta abin da na gani. Ta dubi rubutuna, ta dubi takardar get da ke gabanta, ta ga hannu ɗaya ne.
"Malam, kun san za su neme ku?"
Na sa hannu.
Na ce wa matata Mubina ta kwashi yara su tafi gidan iyayenta a Zawaciki. Ta tambayi kwana nawa. Na ce ta fara haɗa kaya.