Na Ce Mijin Ƙanwata Ya Rasu Don Yaranta Su Samu Kayan Wasan Sallah

Assalamu alaikum admin da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku fara zagi, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a cikin garin Daura. Muna da ƙungiyar matan unguwa, duk azumi mukan tara kayan wasan yara, motocin roba, 'yan tsana, bindigar ruwa, balan-balan, mu raba ranar jajiberin sallah. Bana masu ba mu kayan suka sa sharaɗi, marayu kaɗai za a ba. Ina da ƙanwa, bari in kira ta Rabi, tana aure a wani ƙauye wajen Zango. Mijinta Sani ya tafi haƙar zinare arewacin Nijar tun bara, da farko yana kira, daga baya wayarsa ta daina shiga, ba aike ba labari. Ta zo ƙarshen azumi gidana da yaranta, kayan kuwa a ɗakina aka jibge su. Ƙaraminsu kullum sai ya tsuguna a bakin ƙofa yana leƙen wata jar mota a leda, ko hannu bai taɓa kai mata ba. Ku gaya min, wa zai iya ganin wannan? Ni kuma ga saurin baki, tun ina yarinya ake min faɗa a kansa.

Ranar rabo shugabarmu ta ga yaran ta ce, "Waɗannan fa, na waye?" Na ce, "Na ƙanwata ne Hajiya, babansu ya rasu a wajen haƙar zinare." Wallahi haka ta fito, ko tunani ban yi ba, Rabi tana can wajen girki ba ta ji ba. Hajiya ta yi salati ta jawo su sahun gaba. Aka ba su, aka ɗauki bidiyo kamar yadda aka saba don masu bayarwa su ga inda kayansu suka je. Ni na manta da zancen bidiyon nan sam. Aka watsa shi a guruf-guruf na WhatsApp, an rubuta a ƙasa Allah ya ji ƙan iyayensu.

Kafin a gama yawon sallah bidiyo ya kai Zango. Ƙanwar Sani ta gane yaran, ta nuna wa mahaifiyar su Sani, tsohuwa mai hawan jini, ta yanke jiki ta faɗi, har yau hannunta ɗaya ba ya ɗaguwa. Wan Sani ya hawo babur ya zo wajen Hajiya, ita kuma ta turo shi gidana. A gaban maigidana da Rabi ya ce, "An ce ke kika ji. Wa ya faɗa miki? Don me ba a sanar da mu ba?" Na san nan ne wurin faɗin gaskiya. Amma na ga yadda maigida ya kafe ni da ido, na ga Rabi ta dafa bango, sai na ji bakina yana cewa wani direba ne na haɗu da shi a tasha, ya ce rami ya rufta da su, na rasa yadda zan faɗa ne shi ya sa na yi shiru.

Jama'a, an yi zaman makoki. Dangi har daga Mashi sun zo ta'aziyya, ni ma ina zaune a tabarma ana min gaisuwa ina amsawa. Rabi ta kwance kitso, ta cire 'yan kunne, ta shiga takaba a ɗakinta. Wani baffan su Sani har ya fara maganar rabon gonar Sani. Abinci ba ya shiga min, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na leƙa in ga ko waye. In Sani ya dawo da ransa, da wane ido zan kalle shi? In tsohuwar nan ta cika, ba ni na kashe ta ba? In na yi magana yanzu, aurena zai kai labari? Maigidana ba abin da ya tsana kamar ƙarya.

Jiya na je duba Rabi. Ta rame, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ke kaɗai kika ji daga bakin mutumin nan. Don Allah ki tuna, ya ce an tono shi? An yi masa sutura?" Na ce an yi. Ta ce alhamdulillahi, ta yi ta min godiya wai na kwantar mata da hankali.

Jibi wan Sani zai zo mu je tasha in nuna masa direban, ya ce ko kabarin ɗan'uwansa ne yana so ya sani. Babu wani direba, kuma ƙanwata tana takabar mijin da ni ban san ko yana raye ba. Don girman Allah, me zan yi?