Fangalin Sauda

Litinin, 1 ga Satumba 2025
Na fara gwajin a lambun Baba Kalli, bakin kogin Komadugu. Farin garin nan ne da muka haɗa a ɗakin gwaji na makaranta, okisid ɗin zinki, ya fi kwalli laushi. Fangali uku na tattasai: ɗaya ba magani, ɗaya kaɗan, ɗaya mai yawa. Ƙuri'a na jefa wajen raba su, kamar yadda malamina ya ce. Baba, mutumin Yebi ne da rikici ya koro, filin ma aro ne.

Alhamis, 11 ga Satumba
Na kaɗan ya yi shar, har da yanga. Na ji daɗi.

Laraba, 17 ga Satumba
Na mai yawa ya soma rawaya. Na tona, saiwa ta takure, tsutsotsin ƙasa sun mutu. Garin ya wuce kima, yana ƙona saiwa, yana kashe ƙwayoyin da ke ciyar da ita. Abin da nake nema ke nan, sai dai in bar shi ya kai ƙarshe kafin in rubuta sakamako.

Asabar, 20 ga Satumba
Ashe fangalin da na zuba wa mai yawa gayaunar Sauda ce, ƙanwar Baba, wadda mijinta ya rasu. Nan ne cinta da na 'ya'yanta. Ba wanda ya faɗa mini! Baba ya ce, "'Yata, baƙo ba a gaya mishi inda zai sa hannu." Kunya ce za ta kashe mutanen nan. Na yi faɗa, na ce gwaji gwaji ne. Sauda dai ta ce, "Madam, in ya mutu ke kin ci jarabawa?" Na ce e. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 21 ga Satumba
Ban ci abinci ba. Haushin kowa nake ji.

Juma'a, 26 ga Satumba
Bayana kamar ya tsinke. Ni da Sauda mun cire shukar ɗaya bayan ɗaya, muka wanke saiwa, muka dasa a sabuwar ƙasa da taki. Ba don tausayi ba ne, ina son ganin ko saiwar na farfaɗowa, shi ma ai ilimi ne. Malamina ya kira har sau biyu, hannuna duk laka, ban ɗauka ba. Sauda ta daina ce mini Madam. Juwairiyya take kirana, kuma ta ce ban iya dashe ba.